Yadda ake zaɓen harsashi mai nauyi da araha don harbin da bai kai gudun sauti ba

Idan aka harba bindiga ƙara biyu ce ke fita, ko da yake kunne yakan haɗa su ya ji kamar guda. Ta farko ita ce fashewar iskar albarushi a bakin bindiga, wadda salansa, wato na'urar rage ƙara da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ke iya shanye kaso mai yawa daga cikinta. Ta biyu kuwa harsashin ne da kansa ke yin ta yayin da yake keta iska da gudun da ya zarce na sauti, irin tsawar nan da bakin bulala ke yi idan aka kaɗa ta da ƙarfi, kuma babu salansar da ke da iko a kanta domin tana aukuwa ne bayan harsashi ya riga ya rabu da bindiga. Maharban Amurka da na arewacin Turai da ke son rabuwa da wannan ƙara ta biyu sukan rage wa harsashi gudu har ya dawo ƙasa da na sauti, su kuma ƙara masa nauyi don cike giɓin ƙarfin da ya rasa. A nan ne aljihu ke shigowa, domin harsashi mai nauyi yana cin dalma da jan ƙarfe da yawa, wanda aka ƙera shi takanas don farauta a wannan gudu kuwa yana cikin mafi tsada a kasuwa.

A maganar yau da kullum harsashi kalma ɗaya ce, amma a nan akwai buƙatar rarrabewa. Abin da ke fita daga bakin bindiga za mu kira shi ƙwaya, abin da ke riƙe da albarushi ya faɗo gefe bayan harbi shi ne kwanso, su duka a haɗe kuma harsashi. Nauyin ƙwaya da giren ake auna shi: giren 7,000 ne laba guda, giren ɗaya kuma bai wuce giram 0.065 ba, saboda haka ƙwaya mai giren 220 ta ɗan haura giram 14.

Fara da doka

Wannan sana'a ce ta ƙasashen da dokarsu ta yarda da ita. A Amurka salansa tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, kuma sai an yi rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi, an ɗauki hoton yatsu, an binciki tarihin mai saye kafin a miƙa masa. Harajin dala 200 da aka ɗora tun wancan lokaci an mayar da shi sifiri daga farkon 2026, amma rajistar tana nan. Jihohi takwas, ciki har da California da New York da Illinois, sun haramta wa farar hula mallakarta gaba ɗaya. Mai karatu da ke Najeriya ya sani cewa dokar makamai ta 1959 ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba: mallakar bindiga ko harsashi ba tare da lasisi ba laifi ne, haɗa harsashi a gida ma haka.

Akwai kuma doka ta biyu da sababbin shiga kan manta da ita, wato dokar farauta, wadda a wurare da yawa ta ƙayyade mafi ƙarancin ƙarfin da harsashi zai ɗauka. A Ingila ba a harbin manyan nau'o'in barewa da abin da bai kai ƙafa-laba 1,700 (ma'aunin ƙarfin harsashi ke nan) a bakin bindiga ba. A Jamus ana neman jul 2,000 (shi ma ma'aunin ƙarfi ne) a nisan mita 100 ga manyan namun daji masu kofato, jul 1,000 ga ƙaramar barewarsu. Jihar Colorado tana neman ƙafa-laba 1,000 a nisan yadi 100 ga manyan dabbobi. Kamar yadda lissafin da ke tafe zai nuna, yawancin harsasan da ba su kai gudun sauti ba sun faɗi wannan jarrabawa tun kafin a kai ga maganar farashi, don haka wanda ya sayi kwali goma kafin ya karanta dokar jiharsa ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa.

Ka san rufin da ke kanka

Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska ya kai digiri 20, wato kusan ƙafa 1,125. Wannan adadi ba a tsaye yake ba, yana sauka da kusan mita 0.6 a kowane digiri da sanyi ya ƙaru, ta yadda a safiyar da ma'auni ya nuna digiri 10 ƙasa da sifiri, irin safiyar farautar barewa a Wisconsin ko Michigan a ƙarshen Nuwamba, gudun sauti kan dawo wajen ƙafa 1,067. Shi ya sa kamfanoni da masu haɗa nasu harsashi ke nufin tsakanin ƙafa 1,000 da 1,050 a daƙiƙa, don a bar tazara saboda sanyi da kuma ɗan bambancin da ba a rasawa tsakanin harbi da harbi.

Da zarar gudu ya tsaya a nan, nauyi ne kaɗai ya rage a hannunka. Ƙwaya mai giren 110 a gudun ƙafa 1,050 tana ɗauke da jul 365 kacal. Mai giren 220 tana da jul 730, wato kusan ƙafa-laba 540. Mai giren 405 tana kai jul 1,340, mai giren 500 kuma jul 1,660. Idan aka kwatanta da harsashin .308 Winchester na yau da kullum, wanda ke tura giren 150 a gudun ƙafa 2,800 da ƙarfin da ya haura jul 3,500, za a ga cewa wanda ya zaɓi shiru ya sayar da kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin bindigarsa. Don cika sharaɗin Ingila a wannan gudu sai ƙwaya ta kusa giren 700. Yana da kyau wannan lissafi ya zauna a ka tun farko, domin shi ne zai hana mutum yarda da duk tallar da ke nuna cewa wata ƙwaya za ta mayar da bindiga mai shiru daidai da mai tsawa.

Raba aikin gida biyu

Babban kuskuren mai neman araha shi ne neman ƙwaya guda da za ta yi masa komai. A shekara maharbi yakan harba ɗaruruwa a takarda da farantin ƙarfe, amma waɗanda zai harba a dabba da wuya su cika yatsun hannu biyu. Ƙwayar atisaye abu uku ake nema a wurinta: ta tashi a miƙe, ta faɗa wuri guda, kada ta lalata salansa. Ƙwayar farauta kuwa dole ta ƙara da na huɗu, wanda shi ne mai tsadar, wato ta buɗe ko ta yanka hanya mai faɗi a jikin dabba a gudun da ƙwayoyin farauta na gargajiya ba sa ko motsi. Galibin waɗannan na gargajiya an ƙera su ne su buɗe daga wajen ƙafa 1,800 zuwa sama, ƙasa da haka sai su ratsa kamar basilla su wuce, su bar rami ƙanƙane da ba ya zubar da jini. Saboda haka tsarin da ya fi sauƙi ga aljihu shi ne ƙwaya biyu masu nauyi kusan ɗaya: mai araha da yawa, mai tsada kaɗan.

Faɗin bututu

Harsashin da ya fi yaɗuwa a wannan fage shi ne .300 Blackout, wanda kamfanin AAC ya fito da shi tare da Remington, ƙungiyar SAAMI mai daidaita ma'aunin harsasai ta amince da shi a 2011. Asalinsa yana komawa ga .300 Whisper da J.D. Jones ya ƙirƙira a farkon shekarun 1990. Ƙaramin kwansonsa ya dace da ɗan albarushin da ake buƙata, kuma ƙwayoyi masu faɗin inci .308 daga giren 190 zuwa 240 suna ko'ina. Ana iya rage wa .308 Winchester gudu shi ma, har kamfanin Lapua na Finland yana sayar da irinsa da ƙwaya mai giren 200, sai dai babban kwanso da ɗan albarushi ba su cika ba da gudu iri ɗaya ba, kuma murɗin yawancin bututunsa bai isa dogayen ƙwayoyi ba.

A ɗaya gefen akwai masu faɗin baki: .44 Magnum a doguwar bindiga, da .45-70 wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi tun 1873, da .458 SOCOM, da .450 Bushmaster. A ganina, wanda farauta ce babbar manufarsa kuma kuɗinsa ƙidayayyu ne, nan ya kamata ya fara dubawa. Ƙwaya mai faɗin inci .458 fuskarta ta ninka ta .308 fiye da sau biyu tun kafin ta taɓa komai, don haka ba ta dogara da buɗewa, kuma ƙwayar dalma mai shafaffen hanci, wadda ita ce mafi araha a wannan faɗi, ita ce kuma ta daɗe tana kayar da namun daji. A .300 Blackout sai ka biya injiniya kuɗin dabarar da za ta sa ƙwaya ta buɗe, a .45-70 faɗin da kake nema yana nan a kyauta. Abin da za ka biya a madadinsa shi ne salansa mai faɗin rami, mai nauyi, wadda kuma ba ta kai ta ƙaramin baki shiru ba.

Sabon shiga 8.6 Blackout, mai faɗin inci .338, yana da farin jini, amma ba a nan ake samun araha ba, kuma za mu ga dalili.

Murɗin bututu da tsawon ƙwaya

Wannan shi ne matakin da ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin kuskure a nan yana iya cinye salansa sukutum. A cikin bututun bindiga akwai layuka da aka yanka a murɗe, su ne ke sa ƙwaya ta fita tana juyawa, kuma wannan juyin ne ke riƙe hancinta a gaba, kamar yadda katantanwa ke tsayawa a kan tsininta muddin tana juyi, ta fara layi da zarar ya ragu. Ana rubuta murɗin da lamba biyu: 1:8 na nufin ƙwaya tana kammala zagaye ɗaya a kowane inci takwas. A gudun ƙafa 1,050, murɗin 1:8 yana ba da zagaye 94,500 a minti, 1:10 kuma 75,600, alhali wannan 1:10 ɗin a gudun ƙafa 2,800 zai ba da fiye da 200,000. Rage gudu rage juyi ne, a daidai lokacin da aka ɗauko ƙwayar da ta fi kowacce buƙatarsa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, tsawon ƙwaya ne ke neman juyi, ba nauyinta ba. Ƙwaya biyu na iya zama giren 220 kowacce, ɗaya doguwa mai tsinin hanci da siririn gindi, ɗaya gajera mai dunƙulallen hanci da shafaffen gindi, ta biyun ta tashi lafiya a bututun da ta farkon ke tuntsurawa a cikinsa. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayar jan ƙarfe zalla mai giren 190 takan fi ta dalma mai giren 220 tsawo. Tsohon lissafin da Alfred George Greenhill ya fitar a 1879 ya isa gwajin farko: a ninka faɗin ƙwaya da kansa, a ninka da 150, a raba da tsawonta, duka a inci. Ƙwaya mai faɗin .308 da tsawon inci ɗaya da rabi tana ba da 9.5, ma'ana tana son murɗin da ya fi 1:10 sauri, kuma tun da gudun namu kaɗan ne sai a ƙara tazara. Lissafin Don Miller na 2005 ya fi shi daidai domin yana sa gudu da yanayin iska a ciki, kuma shi ne ke bayan yawancin na'urorin lissafi na kyauta a intanet, irin na kamfanin Berger. Adadin tsayuwar ƙwaya da ake nema daga gare shi 1.5 ne ko fiye. Ƙasa da 1.0 ƙwaya ba za ta tsaya ba sam.

A aikace, bututun .300 Blackout yakan zo da 1:7 ko 1:8, kuma wannan ya isa kusan duk abin da ke kasuwa. Na .308 Winchester yakan zo da 1:10 zuwa 1:12, don haka mai irinsa ya nemi gajeru masu dunƙulallen hanci, waɗanda ta wani ikon Allah su ne ma suka fi araha. Mai .44 Magnum ya duba da kyau, domin tsofaffin bindigogin Marlin sun zo da 1:38, wanda ba ya son ƙwaya mai giren 300 a ƙaramin gudu, yayin da Ruger 77/44 ke da 1:20. Shi kuwa 8.6 Blackout murɗinsa 1:3 ne, yana juya ƙwaya zagaye 252,000 a minti ko a wannan gudu, abin da ke iya yage ƙwaya mai siririyar rigar jan ƙarfe tun a cikin salansa, shi ya sa mai shi ba ya da zaɓi sai masu tsada.

Idan ba a rubuta murɗin a jikin bututu ba, ana iya auna shi da sandar wanke bindiga: a sa mata ƙyalle mai matsewa, a yi alama a jikinta, a tura a hankali, a auna incin da ta shiga kafin alamar ta dawo sama.

Ƙwayoyin atisaye, daga mai tsada zuwa mai araha

Ƙwayoyin gasa irin su Sierra MatchKing mai giren 220 da Hornady ELD Match mai giren 208 ko 225 ana yawan amfani da su a .300 Blackout, kuma suna faɗawa wuri guda sosai. Sai dai siffarsu mai sulɓi an yi ta ne don harbin yadi 600 zuwa 1,000, kuma a yadi 50 ko 100 da ake harbin shiru ba ta ƙara maka abin a zo a gani, ga tsawo mai neman murɗi. Kamfanin Sierra da kansa yana cewa ba ya ba da shawarar a yi farautar manyan dabbobi da MatchKing. Idan an same su a rangwame, musamman irin waɗanda kamfani ke warewa saboda tabo a jiki ya sayar da sauƙi, babu laifi. In ba haka ba kuɗin gasa ne ake zubawa a aikin da bai nema ba.

Ƙasa da su akwai ƙwayar dalma da aka shafa wa siririyar fatar jan ƙarfe da lantarki, wadda Berry's mai giren 220 ita ce aka fi sani. Wannan fata ba ta jure babban gudu, amma a ƙafa 1,050 ba ta da matsala, tana hana dalma gogar bututu, tana kuma shiga mazubin harsashi na bindiga mai sarrafa kanta ba tare da tsaiko ba. Ga mai sabuwar salansa da ba a iya kwance ta, wannan ce araha mafi kwanciyar hankali.

Ƙasa da ita kuma akwai ƙwayar dalma ta zubi wadda aka lulluɓe da fentin roba mai jure zafi, irin Hi-Tek da aka samo daga Ostireliya, wanda ƙananan kamfanoni irin su Missouri Bullet Company ke amfani da shi. Farashinta yakan zama kaso ɗaya cikin huɗu ko biyar na ƙwayar farauta ta jan ƙarfe, musamman idan an sayi 500 a tashi ɗaya. Abin lura guda shi ne faɗi: ƙwayar dalma tana son ta ɗara ramin bututu da kusan inci .001, wato .309 ko .310 a bututun .308, in ba haka ba iska mai zafi za ta bi ta gefenta ta narkar da dalma ta manna a bututu.

Iri biyu ne zan ce a nisanta da salansa duk arharsu. Na farko dalma tsirara mai man shafawa a jiki, domin hayaƙinta da ɓurɓushinta suna taruwa a cikin salansa su daskare, kuma idan ba mai kwancewa ba ce babu hanyar fitar da su da sauƙi. Na biyu ƙwaya mai ƙaramin murfin jan ƙarfe a gindi, wanda ake sa wa don kare dalma daga zafi a babban gudu: a ƙaramin gudu ba a buƙatarsa, kuma idan ya suɓuce a cikin salansa yana iya zama abin da ƙwaya ta gaba za ta yi karo da shi.

Akwai masu zuba tasu ƙwayar a gida inda doka ta yarda, kuma a takarda babu abin da ya kai wannan araha, tun da laba guda ta dalma tana fitar da ƙwaya 31 masu giren 220. Amma a sa kuɗin tukunya da mazubi da lokaci a lissafi, a kuma sa lafiya. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan gubar dalma bayan abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinare mai dalma ta hallaka yara kusan 400. Ƙurar ita ce dai, ko daga ina ta taso, kuma gidan da ke da ƙananan yara ba wurin narka dalma ba ne.

Ƙwayar farauta

A faɗin .308, mafi sauƙin kuɗi a cikin waɗanda aka ƙera don buɗewa a ƙaramin gudu ita ce Hornady Sub-X mai giren 190, mai zuciyar dalma, da tsagi a jikin rigarta, da toshiyar roba a hanci, wadda kamfanin ya ce tana buɗewa har zuwa gudun ƙafa 900. Ana yin irinta ga .45-70 da giren 410, ga .450 Bushmaster da giren 395. Sama da ita akwai na jan ƙarfe zalla da ake sassaƙawa a inji ɗaya bayan ɗaya, irin na Lehigh Defense mai giren 194 da na Maker, waɗanda hancinsu ke tsagewa gida uku ko huɗu ya baje kamar fure mai kaifi. Kowace ɗaya takan kai dala guda ko fiye, amma kwalin 50 zai ɗauki mafarauci shekaru. Wannan ba wurin tsumulmula ba ne: dabbar da aka raunata ta ɓace a daji asara ce ta nama da ta lasisi, kuma alhaki ne a wuyan wanda ya harbe ta.

A manyan baki, ƙwayar dalma mai fenti da shafaffen hanci mai faɗi, giren 300 a .44 ko giren 405 a .45-70, za ta iya zama ta atisaye da ta farauta gaba ɗaya, kuma nan ne kaɗai na yarda da ƙwaya guda. Shafaffen hanci dole ne ma a bindigar da ke jera harsasai ɗaya bayan ɗaya a mazubi mai siffar bututu, domin tsinin na baya bai kamata ya zauna a kan hular da ke kunna albarushin na gaba ba.

Gwaji kafin sayen da yawa

Kada a sayi 500 kafin a gwada 50. A cire salansa tukuna, a kafa farar takarda a yadi 25, a harba biyar, a matsa yadi 50 da 100 a sake. Kowane rami ya zama zagayayye sarai. Idan ya yi tsawo kamar ƙwai, ko ya nuna siffar ƙwayar a kwance, to tana layi, kuma ramin da ke tsakiyar salansa bai fi ƙwaya faɗi da yawa ba, ƙwaya mai layi za ta daki faifan cikinta. Ƙwayar da ta faɗi wannan gwaji an gama da ita a wannan bindiga, komai arharta. A yi gwajin a ranar sanyi idan da hali, domin iska mai sanyi ta fi kauri kuma ta fi tona asirin ƙwayar da ke kan gaɓa.

Sannan a auna gudu da na'urar auna gudun harsashi, ko da aro ce daga abokin harbi, domin adadin da ke jikin kwali daga wani bututu aka samo shi, kuma harsashin da ya yi shiru a bututu mai inci 9 yana iya tsawa a mai inci 16. A duba bambancin mafi sauri da mafi jinkiri a cikin harbi goma, domin a wannan gudu tazarar ƙafa 50 tana bayyana a takarda sama da ƙasa. Wanda ke haɗa nasa harsashi ya tsaya kan ma'aunin da kamfanonin albarushi irin su Hodgdon da Vihtavuori suka wallafa don wannan ƙwaya takamaimai. Haɗarin nan ya sha bamban da wanda aka saba: albarushi ya yi kaɗan, ƙwaya ta maƙale a bututu, a harba wata a bayanta. Duk harbin da ya yi wata irin ƙara, ko ba a ga raminsa ba, a sauke harsashi a leƙa bututu kafin a ci gaba.

Bayan an tabbatar da tashin ƙwaya sai a ɗaura salansa a sake saiti, domin nauyinta yana sauya inda harsashi ke faɗawa. A yi saitin da ƙwayar farauta, sannan a harba ta atisaye a rubuta tazarar da ke tsakaninsu. A sadaukar da ƙwayar farauta uku ko huɗu a jarkokin ruwa da aka jera, ko a tarin jiƙaƙƙun jaridu, a daidai nisan da za a yi harbi ba a bakin bindiga ba, a tono su a gani da ido ko sun buɗe.

Wanda ke da bindiga mai cin harsashin 5.56 a gida, harsashin da ƙwayarsa ta fi ta .300 sirantaka, ya ware mazuban .300 Blackout da fenti ko tef mai launi, domin harsashin .300 yana iya shiga ɗakin harsashi na bindigar 5.56 ya zauna, kuma idan aka ja kunama bindigar ce ke tarwatsewa a hannu.

Nisa da abin da ke bayan dabba

Ƙwayar da ke gudun ƙafa 1,050 tana ɗaukar kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa kafin ta kai yadi 100, kuma a wannan lokaci ta sauka kusan inci 16 daga layin bututu. A yadi 200 saukar ta haura inci 65. Kuskuren yadi 15 wajen ƙiyasin nisa, wanda ba komai ba ne ga .308 na yau da kullum, a nan yana iya mayar da harbin huhu ya zama harbin ƙafa. Don haka na'urar auna nisa ta zama dole, kuma gogaggun mafarauta suna ɗaukar wannan harbi kamar na kwari da baka: a matso kusa, a tsaya ƙasa da yadi 100, a jira dabba ta ba da gefe, a nufi bayan kafaɗa inda zuciya da huhu suke, a guji babban ƙashi.

Ƙwaya mai nauyi mai jinkiri ba ta tarwatsewa idan ta daki ƙasa mai tauri ko dutse ko ruwa, takan yi tsalle ta ci gaba da yawancin nauyinta, kuma sau da yawa tana ratsa dabba ta fita. Harbi daga saman dandamali zuwa ƙasa, ko zuwa gindin tudu mai laushi, shi ne ke tabbatar da inda za ta tsaya. Bayan harbi dabbar takan ruga yadi 50 ko fiye ko da an same ta daidai, saboda haka a lura da bishiyar ƙarshe da aka gan ta kusa da ita, a zauna kamar rabin awa, sannan a tashi a bi jini.